Faten Dankalin Turawa da Tumatir: Abincin Mai Juna Biyu

Uwargida, a watannin farko na ciki mata da yawa kan ƙi tuwo da duk wani abinci mai maiƙo. Faten dankalin turawa da tumatir yana cikin abincin da ciki kan karɓa a wannan lokaci. Mutanen ƙasar Girka ma suna da irinsa, suna dafa shi da man zaitun, ba nama. Ke ba sai kin nemi man zaitun mai tsada ba, man gyaɗa ya wadatar. Sai dai ki sani cewa dankali da tumatir kaɗai ba sa ƙara jini, dole sai kin haɗa musu abin da za mu ambata.

Ki fara kula tun daga kasuwa. Dankalin da ake sayarwa a Bakin Dogo ko Kawo yawancinsa daga Filato yake zuwa, kuma yakan daɗe a ajiye. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro yana ɗauke da wani dafi mai sa amai da gudawa, wanda dahuwa ba ta kashe shi. Idan koren kaɗan ne, ki yanke wurin da zurfi. Idan ya yi yawa ko dankalin yana ɗaci, ki zubar. Haka fasasshen tumatir da ya fara fumfuna: arha gare shi, amma ba na mai ciki ba ne.

Ki fere dankali 6 matsakaita, ki yanka manya-manya. Ki soya albasa 1 da tafarnuwa a cikin man gyaɗa cokali 3, ki zuba jajjagen tumatir 5 da tattasai 1, su yi minti 10 a wuta. Sannan ki zuba dankalin da ruwan da zai kusa rufe shi, ki rage wuta, ki rufe tukunya kamar minti 25.

Ga inda amfanin yake. Ki zuba dafaffen wake kofi 1, ko busasshen kifi da aka wanke aka cire ƙaya, ko nama da ya dahu sosai. Saura minti 5 ki sauke, sai ki zuba alayyahu ko zogale. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shi kuma bitamin C da ke cikin tumatir da tattasai yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shi ya sa ba ma son ki sa kanwa don kashe tsamin tumatir, kamar yadda aka saba a gidajenmu, domin kanwa tana lalata wannan bitamin. Ki bar shi ya soyu da kyau, tsamin zai ragu. Shayi ma yana hana jiki tsotsar ƙarfen, don haka ki jinkirta shi aƙalla awa 1 bayan cin abinci. Ki sha lemon zaƙi ko ki ci gwaba a madadinsa.

Gishiri kuwa a yi sannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi ma yawancinsa gishiri ne.

Idan ƙwannafi yana damunki, ki rage attaruhu, ki ci kaɗan-kaɗan, kada ki kwanta da gama ci. Wadda aka gano tana da ciwon sukari na ciki ta tambayi likitanta yawan da za ta ci, saboda dankali yana saurin ɗaga sukari.

Maigida, kai ke cefane: ka riƙa haɗowa da wake da ganye. Ke kuma Uwargida, wannan fate ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki a wurin awo. Ki ci gaba da shansu kullum, kuma idan kina yawan jin jiri ko haki, ki zo asibiti a auna jininki ba tare da jiran ranar awo ba.