Finafinan Y na Tailan: Mata Ke Rubutawa, Mata Ke Kallo, Gwamnati Na Ƙirga Riba

A ƙasar Tailan akwai wani reshe na finafinai masu dogon zango da ya wuce a kira shi yayi. Labaransa na soyayya ne tsakanin saurayi da saurayi, daga baya aka ƙara da na budurwa da budurwa. 'Yan ƙasar na ce musu finafinan Y, a waje kuma a ce BL idan na maza ne, GL idan na mata ne. A nan gida maganar a rufe take, addini da al'ada ba su yarda ba, dokar Nijeriya ta 2014 ma ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi. A Bankok kuwa harka ce ta manyan kuɗi, kuma duk wanda ya leƙa ta zai sha mamaki tun daga kan su wane ne ke kallo.

Mata ne. 'Yammata 'yan makaranta, ma'aikatan ofis, matan aure, su ne mafi yawan masu kallon labarin samarin nan. Littattafan da ake mayarwa fim ɗin ma galibi mata ne suka rubuta su. Tushen abin Japan ne, a shekarun 1970, lokacin da mata masu zanen labari irin su Moto Hagio da Keiko Takemiya suka fara zana soyayyar samari a mujallun 'yammata. Da ya iso Tailan sai 'yammata suka shiga rubuta nasu babi-babi a shafin Dek-D na intanet. Wanda ya san yadda marubutanmu mata ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, masu karatu na ta ƙorafin an yi musu rowa, ya gane rabin sirrin kasuwar. Masu nazari na cewa abin da ke jan matan shi ne babu jarumar da za su auna kansu da ita, babu kuma rigimar wa zai shiga kicin. Ko hakan ne ko ba hakan ba, su ne dai ke biyan kuɗin.

Yaudara aka fara da ita. A 2007 darakta Chookiat Sakveerakul ya fitar da fim mai suna Love of Siam. A fostar an jera samari biyu da 'yammata biyu, kowa ya ɗauka kowane saurayi da tasa. Sai da aka zauna a silima aka gane samarin ne ke son juna. Wasu sun yi tsaki, wasu sun koma sun sake kallo, fim ɗin kuma ya kwashe kyautar fim mafi kyau ta ƙasa. Na talabijin bai zo ba sai 2014, da Love Sick a tasha ta 9, wanda shi ma daga Dek-D aka ɗauko labarinsa.

Sai zamanin injiniyoyi. A 2016 kamfanin GMMTV ya fitar da SOTUS, labarin wani sabon ɗalibi, Kongpob, da shugaban masu horar da sababbin shiga, Arthit, a tsangayar koyon injiniyanci. Sunan fim ɗin ba ƙirƙira ba ce, sunan tsarin wahalar da sababbin ɗalibai ne da aka daɗe ana yi a jami'o'in ƙasar, ana kuma sukarsa. Daga ranar da fim ɗin ya karɓu, kai ka ce a duk faɗin Tailan babu mai karanta komai sai injiniyanci. Shekaru aka kwashe ana fitar da jarumai sanye da rigar aikin bita, kowanne rataye da ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora, alamar tsangayar. Idan saurayi ya cire ƙarfen nan ya miƙa wa wani, to magana ta ƙare, zuciyarsa ya bayar. Da masu kallo suka gaji sai aka koma kan ɗaliban likitanci, abin da ban ga ya rage komai ba.

A SOTUS ɗin ne kuma wani abin sha ya yi suna. Arthit, mai zare ido da daka wa yara tsawa, ashe a ɓoye madara mai ruwan hoda yake sha. Haɗin ba wuya: jan ruwan zaƙi na kwalba, madarar gwangwani mai kauri, ruwan zafi kaɗan a dama, a juye a kan ƙanƙara fal kofi. Abin shan yara ne da ake samu a kowane teburin mai shayi na can. Yau baƙi daga Manila da Tokyo na sauka Bankok su nemi a haɗa musu shi.

Akwai abubuwan da tsofaffin masu kallo ke jira kamar albashi. Ruwan sama zai doki ɗaya daga cikin jaruman, kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe shi. Ɗayan zai shigo da ƙaramin baho da tawul, ya matse, ya shiga goge masa goshi da wuya da hannuwa a hankali, kyamara na bin kowane ɗigon ruwa, sannan ya ɗauko kwanon kunun shinkafa yana hurawa yana ba shi a baki. Asibiti na nan kusa, amma ba mai tuna shi. Akwai tuntuɓe da faɗawa a hannun wani, akwai tafiya bakin teku, akwai jita da dole wani ya kaɗa. Masu kallon sun san duk wannan, dariyarsa suke yi, kuma shi ɗin suke so. Idan ka ga sun cika wurin sharhi da 55555, ba lambar waya ba ce, dariya ce, don a yarensu biyar "ha" ake ce mata.

Talla kuwa ba a ɓoye ta. Ana tsakiyar maganar da za ta raba masoya, sai ɗaya ya ɗaga kwalbar shayin Oishi ko ledar Lay's, ya juya sunan ya fuskanci kyamara, ya kurɓa, ya yaba, sannan a koma kuka. Da kuɗin nan ake ɗora finafinan kyauta a YouTube, kowane kashi an yanka shi gida huɗu, da fassarar Turanci a ƙasa. Wanda ke son wanda ba a tace ba sai ya biya a manhajoji irin su iQIYI ko WeTV.

Sunayen 'yan wasan kaɗai sun isa nishaɗi. Dokar 1913 ta Sarki Vajiravudh ce ta wajabta wa kowane gida sunan zuri'a, ba a kuma yarda gida biyu da ba dangi ba su yi tarayya a suna ɗaya, shi ya sa sunayen suka yi ta tsawo. Mafita ita ce laƙabin da iyaye ke raɗa wa yaro tun yana jariri, sau da yawa da kowace kalmar Turanci da ta yi musu daɗi. Metawin Opas-iamkajorn shi ne Win. Akwai Milk, akwai Book, akwai Earth, akwai Fourth, har da wani Barcode.

A wurin 'yan wasan nan ne ainihin hajar take. Fim ɗin kansa talla ne kawai, abin sayarwa shi ne 'yan wasan biyu. Kamfani zai haɗa su, ya liƙa sunayensu su zama ɗaya: KristSingto, OffGun, TayNew, BrightWin, MileApo. Daga nan tare za su yi fim na biyu da na uku, tare za su yi tallar man shafawa, tare za su hau dandamali a Jakarta ko Taipei suna haɗa ido, dubban mata na ihu. Wasu ma an yi musu 'yar tsana tasu ta kansu da ake sayarwa. Magoya baya na hayar allunan talla ranar haihuwar gwaninsu, su aika motar abinci wurin ɗaukar fim don ma'aikata su ci, su naɗe takardun kuɗi a siffar furanni su kai kyauta. Galibin 'yan wasan ba sa bayyana wa suke so a rayuwarsu ta zahiri, kuma akwai dalili. An sha ganin wanda aka hango da budurwa ya kwana ana zaginsa a intanet, budurwar kuma ta fi shi shan wuya. A ganina wannan ne mafi munin gefen harkar: an sayar wa mutane mafarki, sun ɗauka sun sayi mutum.

Annobar korona ta yi wa masana'antar rana. An fara nuna 2gether a Fabrairun 2020, ya ƙare a Mayu, daidai lokacin da aka kulle duniya a gida. Labarin bai taka kara ya karya ba: Tine ya roƙi Sarawat ya yi kamar saurayinsa don ya rabu da wani mai nacin binsa, wasa ya zama gaske. Amma mutane na zaune ba aikin yi, kuma kyauta ne. A Filifin har fassara shi aka yi da harshen Tagalog. Cikin 'yan shekaru Bright, ɗaya daga jaruman fim ɗin, ya zama jakadan Burberry, abokin wasansa Win na Prada, Mile da Apo na fim ɗin KinnPorsche kuma Dior ta ɗauke su.

Fim ɗin nan ne kuma ya jawo rikicin da ya kai ofishin jakadanci. A Afrilun 2020 Bright ya sake yaɗa wasu hotuna a Twitter da aka lissafa Hong Kong a cikinsu a matsayin ƙasa. Masu kishin ƙasar Sin suka yi masa ca, ya ba da haƙuri, ba su haƙura ba, suka koma zagin gwamnatin Tailan. Sun yi zaton zai yi wa 'yan ƙasar zafi. Matasan Tailan kuwa suka ce ai ku ƙara, mu ma abin da muke faɗa ke nan kullum. 'Yan Hong Kong da Taiwan suka shigo taya su, ofishin jakadancin Sin a Bankok ya fitar da sanarwa, daga nan aka haifi ƙawancen matasa masu rajin dimokuraɗiyya da ake kira Ƙawancen Shayi da Madara, saboda duk wuraren uku da madara suke shan shayinsu. Bayan shekara guda Twitter ta yi wa ƙawancen tambarinsa.

Ita Sin ɗin ba da niyya ba ta taimaki Tailan. A 2016 hukumomi suka sauke fim ɗin Addicted daga intanet ana tsakiyar nuna shi. Bayan haka masu shirya fim suka koma mayar da masoya "aminai", kamar yadda aka yi a The Untamed na 2019, daga baya aka taka wa wannan dabarar ma birki. Masu kallo suka karkata kudu da kuɗinsu.

Ba duka ne labarin jami'a ba. Manner of Death na 2020 binciken gawa ne da kisan kai, marubuciyarsa Sammon kuwa likita ce ta gaske. I Told Sunset About You ya mayar da tsohon garin Phuket wurin ziyarar masu kallo. Not Me na darakta Anucha Boonyawatana ya fito a ƙarshen 2021, bayan zanga-zangar matasa, da labarin wasu samari masu babura da ke yaƙar wani attajiri da ya fi ƙarfin doka. Irin waɗannan sun zo ne bayan sukar da masu neman jinsi na zahiri a ƙasar suka daɗe suna yi, cewa finafinan farko ba rayuwarsu suke nunawa ba, cewa ana ƙawata tilastawa a kira ta so, kuma duk macen da ta bayyana muguwa ce.

Na mata ya makara amma ya zo da ƙarfi. GAP ya fito a Nuwambar 2022, da Freen Sarocha da Becky Armstrong, labarin shugabar kamfani 'yar sarauta da sabuwar ma'aikaciyarta, ya tara kallo ɗaruruwan miliyoyi a YouTube. Mai kamfanin da ya shirya shi, Saint Suppapong, shi kansa tsohon jarumin BL ne. A 2024 Freen na cikin matan fim da gidauniyar Red Sea ta Saudiyya ta karrama a bikin finafinai na Cannes.

Kafin a kunna kyamara ranar farko sai an yi bikin roƙon sa'a: dogon teburi shaƙe da 'ya'yan itatuwa da furanni da turaren tsinke, 'yan wasa galibi cikin fararen kaya, magoya baya a bayan igiya suna ɗaukar hoto. Wani abin kuma, GMMTV kan tara jama'a sau ɗaya a shekara ta nuna tallan finafinan da ba a ma fara ɗauka ba. Wani lokaci idan fim ɗin ya fito, ka ga har 'yan wasan an sauya.

Gwamnati ba ta tsaya kallo ba. Tun 2021 sashen bunƙasa cinikin waje na Ma'aikatar Kasuwanci ke haɗa masu shirya finafinan Y da masu saye daga ƙasashen waje, a 2024 kuma ma'aikatar ta shiga cikin shirya fim ɗin The Loyal Pin don a tallata abinci da kayan ƙasar.

Duk da wannan, sai a Yunin 2024 majalisar dattawa ta amince da auren jinsi, da ƙuri'a 130 a kan 4, abin da ya sa Tailan ta zama ta farko a Kudu maso Gabashin Asiya. A majalisar wakilai 'yan jam'iyyar Prachachat, mai ƙarfi a kudancin ƙasar inda Musulmi suka fi yawa, sun ƙi goyon baya bisa dalilin addini. A lardunan Pattani da Yala da Narathiwat da Satun dama shari'ar Musulunci ce ke hukunta aure da gado tsakanin Musulmi. Dokar ta fara aiki ranar 23 ga Janairun 2025, amma wanda ya duba takardun auren da aka bayar ranar zai ga 2568 ne a rubuce, don kalandar ƙasar ta riga ta Miladiyya da shekara 543.