Ɗan Maraya Jos: Gadon Da Ya Bar Wa Mawaƙa Da Masu Sauraro

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga motar haya daga Kademi zuwa Gaya, ko daga Gaya zuwa Wudil, ya san yaron nan da ke tsaye a bakin ƙofa yana kiran fasinja. Shi ne mai ɗora buhu, shi ne mai karɓar kuɗi. In taya ta fashe shi zai kwanta a ƙasa, in mota ta ƙi tashi shi zai yi turi. Sunan da aka laƙaba masa ma na raini ne, watau karen mota. To, an yi wani mawaƙi a ƙasar nan wanda ya dubi wannan yaro, ya ga ya isa a yi masa waƙa kamar yadda ake yi wa sarki. Wannan mawaƙi shi ne Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. Ya rasu tun ranar 20 ga Yuni, 1946 kuwa ita ce shekarar haihuwarsa, rasuwar ta zo a 2015, amma har yau ana jin muryarsa a tasha da kasuwa da gidajen rediyo. Nufin wannan rubutu shi ne mu duba dalilin da ya sa waƙarsa ta daɗe haka, da abin da mawaƙan baya da mu masu sauraro muka gada daga gare shi.

Wane ne Ɗan Maraya?

Sunansa na yanka Adamu. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗi ne a wurin Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayensa biyu sun rasu tun yana ƙarami ƙwarai, sai Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi, shi kuma bai ji kunyarsa ba, ya mai da shi sunan sana'arsa. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya komo gida ya harhaɗa nasa.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin kuntigi ba, ɗan ƙaramin abu ne. Gwangwanin kifi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a soka ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Da wannan abu Ɗan Maraya ya yi wa sojojin tarayya waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da shi ya shiga ƙasashen waje, da shi kuma ya sami lambobin girma na ƙasa da digirin girmamawa daga Jami'ar Jos.

Abin da ya bambanta shi

Manyan mawaƙan zamaninsa galibi da ƙungiya suke tafe. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da makaɗan kalangu da 'yan amshi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, yana da makaɗan kotso, kuma sarakuna ya fi yi wa waƙa. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa. Shi ne mai tsara waƙar, shi ne mai kiɗa, shi ne mai rerawa. Tun da babu 'yan amshi da za su ɗauke masa nauyi, dole maganar da ke cikin waƙar ta zama mai ma'ana, in ba haka ba mai sauraro ya tashi ya bar shi.

Abu na biyu shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi magana a kansu. Shi ma ya yi waƙoƙin yabon manya kamar sauran mawaƙa, an kuma yi masa kyauta. Amma waƙoƙin da suka fito da shi na talakawa ne da halin zaman duniya. Waƙar Karen Mota ta nuna darajar mai aikin wahala. Mai Akwai da Babu ta yi magana a kan zaman mai kuɗi da matalauci. Auren Dole ta nuna ɓarnar da ke biyo bayan iyaye su ba da 'yarsu ga wanda ba ta so. Jawabin Aure ta duba rigingimun miji da mata. Gulma Wuya ta tona asirin mai shiga tsakanin mutane da tsegumi har ya raba su.

Abu na uku shi ne dabararsa. Ba ya tsayawa ya ce kaza haram ne, ku bari. Sai ya ƙago labari, ya ɗauki muryar miji, ya sake ya ɗauki ta mata, ya kawo ta mai gulma, kamar wasan kwaikwayo a bakin mutum ɗaya. Mai sauraro yana cikin dariya sai ya ga ashe da shi ake.

Tasirinsa ga mawaƙan baya

Kiɗan Hausa ya sake kama tun daga shekarun 1990. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, harkar finafinai ta bunƙasa, aka buɗe ɗakunan ɗaukar waƙa, fiyano ya maye gurbin kalangu da gurmi a hannun matasa da yawa. Yau da wuya ka ga saurayi riƙe da kuntigi. Wani zai ce ke nan tasirin Ɗan Maraya ya ƙare. Ba haka ba ne, domin abin da aka gada daga gare shi ya wuce kayan kiɗa.

Na farko, ya share hanyar waƙar faɗakarwa. Ya nuna cewa mawaƙi zai iya yin suna, ya ci abinci, ba tare da ya dogara ga ƙofar sarki ko ta attajiri kaɗai ba. Idan muka saurari Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa, a waƙoƙinsa irin su Bara a Kufai da Jami'a, za mu ga kayan kiɗan sababbi ne, amma aikin shi ne dai na duba halin jama'a a faɗa musu gaskiya.

Na biyu, ya gyara kunnen masu sauraro. A garin Jos inda ya zauna, mawaƙan bishara irin su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang sun fito suna tsara waƙarsu da kansu, suna kaɗa jita, wani lokaci suna rerawa da Hausa. Sun tarar da jama'ar da ta riga ta saba da jin mutum ɗaya da abin kiɗansa yana isar da saƙo. Ba sai yaro ya zauna a gaban gwani ya koya ba kafin a ce ya amfana da shi. Wanda ya bi hanyar da aka share ya ci moriyar mai sharewa.

Na uku, ya ƙara wa sana'ar waƙa mutunci. A da, iyaye da yawa suna ɗaukar kowane mawaƙi a matsayin maroƙi. Yanzu a sassan koyar da Hausa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da sauransu ana nazarin waƙoƙin baka, ɗalibai suna rubuta kundaye a kan Ɗan Maraya da takwarorinsa.

Tasirinsa ga masu sauraro

Waƙoƙinsa sun tashi daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu, ba su ɓace a hanya ba. Dalili kuwa shi ne matsalolin da ya taɓo suna nan. Waƙar da aka yi wa ɗan takara takan mutu da an gama zaɓe. Amma muddin akwai gulma a unguwa, akwai mai kuɗin da ke wulaƙanta matalauci, akwai yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ba da sonta ba, to Ɗan Maraya bai gama magana ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ne ya kamata mu binciki kanmu. Yana yiwuwa mutum ya haddace Auren Dole, yana kaɗa kai in an sa ta, ya koma gida ya yi wa 'yarsa abin da waƙar ta hana. Yana yiwuwa ɗalibi ya yi dariyar Gulma Wuya da rana, da dare ya haɗa abokansa biyu faɗa a ɗakin kwana. Wanda ya yi haka kiɗan kawai ya ji.

Darasi gare mu

Ɗan Maraya Musulmi ne, mu kuma a nan makarantar mishan muke, amma abin da ya kare ba baƙo ba ne a wurinmu. Wasiƙar Yaƙub, sura 1, ta haɗa sahihin addini da kula da marayu da gwauraye. Da Sarkin Bukuru bai ɗauki marayan nan ba, wa ya san inda zai ƙare? A cikinmu ma akwai marayu, a aji da kuma cikin ikilisiya. Mu lura da yadda muke riƙe su.

Ga 'yan mawaƙan makaranta da matasan ikilisiya kuma, sau da yawa mukan ji ana cewa ba a iya yin komai sai an sayi fiyano da lasifika da janareta. Kayan kiɗa suna da amfani, amma ku tuna da gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya. Ku tuna da iyayenmu na Zumuntar Mata, waɗanda da tulu da caki suke tsara waƙoƙin da dukan ikilisiya take ɗauka. Misalin talanti a Matiyu sura 25 ya nuna cewa abin da aka ba mutum a hannu shi za a tambaye shi.

Saboda haka, mai son tsara waƙa ya fara da abin da ya sani. Ya dubi manomin da fari ya cinye wa gero, da uwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli don ta biya kuɗin makaranta, da yaron motar da ya ɗora masa akwati ranar dawowa hutu. Ya yi waƙar da harshen da kakarsa za ta gane. Kada ya kwaikwayi muryar Ɗan Maraya, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idonsa na ganin ƙaramin mutum shi ne abin koyi.

Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar aikatawa, amin.