Allura a Hannun Maza: Daga Tekun Ingila Zuwa Bakin Tiga

Duk wanda ya ratsa Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada da rani, da wuya ya rasa ganin magidanci a zaure ya shimfiɗa riga bisa cinya yana ɗinkin hannu. Watakila mai karatu ya yi mamaki in ya ji cewa wannan sana'a tana da 'yar'uwa a cikin jiragen yaƙin ruwa na Ingila.

Daga wajen 1840 zuwa 1880, tilas ne sojan ruwan Ingila ya iya allura, domin shi ke ɗinke filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa jirgi ya tafi, shi ke kuma gyara tufafinsa. In tafiya ta yi tsawo, sai ya sami guntun ƙyalle ya zana jirginsu a kai, ya cike zanen da zaren ulu mai launi-launi, har da igiyoyi da tutoci da kafofin igwa. In ya sauka gida ya kai wa iyalinsa tsaraba. Wasu daga cikin waɗannan ɗinke-ɗinke suna ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan.

A ƙasar Hausa ma aikin na maza ne tun asali, musamman malamai da almajirai. Malami ya kan zana aska biyu ko aska takwas a jikin riga da alƙalami da tawada, sa'an nan maɗinki ya bi da zaren tsamiya ko alharini, ya shafe watanni kafin ya gama. David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin wannan aiki, ya kuma baje kolinsa a Landan cikin 1976.

To, abin lura shi ne yadda sana'ar Turawan ta ƙare. Da jirgi mai injin tururi ya zo, buƙatar mai ɗinke filafilai ta ragu. Da na'urar ɗaukar hoto ta yaɗu, sai aka ajiye allura. Mu ma ga keken ɗinki yana gama cikin kwanaki abin da hannu ke kai wata da watanni yana yi, samari kuwa sun fi son abin da ke kawo kuɗi yau-yau.

Sojan ruwa ya ɗinka abin da idonsa ya gani, shi ya sa aikinsa ya zama tarihi. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga cikin 1974, kwalekwalen masunta ya zama abin gani kullum a ƙasar Bebeji. Ga kuma dajin Falgore da duwatsun Riruwai a Doguwa. Me zai hana malaman sana'a a makarantunmu su sa ɗalibai su ɗinka waɗannan, tare da koyon tsofaffin zane daga dattawa tun suna raye? Da ma an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu ruwa da tsaki su ji.