Shamrock ko clover: wane ganye ake kai wa Fadar White House?

Duk shekara, a bikin ranar 17 ga Maris, firaministan Ireland kan miƙa wa shugaban Amurka kwanon ganyen shamrock. Sai dai shamrock ba sunan tsiro guda ba ne. Asalin kalmar seamróg ce ta harshen ƙasar, wato ƙaramin clover, sunan da Turawan Ingila ke kiran dangin Trifolium mai ganye uku.

A binciken Charles Nelson na 1988, kashi 46 cikin ɗari na ganyen da jama'a suka aiko Trifolium dubium ne, kashi 35 Trifolium repens. Na tukwane da ake sayarwa a Amurka kuwa galibi Oxalis ne, ko dangi ba su haɗa ba. Mai ganye huɗu alamar sa'a ce kawai, ba tambarin Ireland ba.