Ba Birki Ke Tsayar da Mota Ba

Duk wanda ya yi damina ɗaya a jihar Gadarif ta Sudan ya san halin ƙasar wurin. Da rani baƙar laka ce mai tsattsagewa, har mutum ya zura hannu a tsagar. Da ruwa ya kankama a watan Yuli sai ta kumbura, ta koma kamar sabulu. Ita ce arzikin jihar. Saboda ita aka fara noma da injina a Gadambaliya tun shekarun 1940, har Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Ita ce kuma ke juya babbar mota a tsakiyar hanya ta koma tana kallon inda ta fito.

Direbobi da yawa, har da tsofaffin hannu, sun ɗauka birki ke tsayar da mota. Ba haka ba ne. Birki taya kawai yake kamawa. Abin da ke tsayar da motar shi ne cizon da ke tsakanin taya da ƙasa, wanda malaman kimiyya ke kira gogayya. A ƙaramar mota, wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wato rayukan duk waɗanda ke ciki a kan tafin hannu huɗu suke.

Tushen maganar shi ne, abin da ke tafiya ba ya tsayawa don ra'ayin kansa, sai wani ƙarfi ya tare shi. Ibnu Sina ya taɓo batun tun ƙarni na 11, Newton ya tsara shi a matsayin doka a 1687. Mai amalanke bai karanta su ba, amma ya san da zarar amalanke mai kaya ta gangara, ihu ba ya tsayar da ita.

Ga lissafin. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa kan busasshiyar kwalta mai kyau tana buƙatar kusan mita 14 kafin ta tsaya bayan birki ya kama. Idan gudun ya zama 100, ba mita 28 take buƙata ba, wajen mita 56 ne: ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa ta ninka sau huɗu. Ƙara da wannan, a daƙiƙa ɗaya tak da direba zai yi tsakanin ganin akuya da kai ƙafa kan birki, motar ta riga ta shafe kusan mita 28. Idan ruwa da taɓo suka rage cizon tayar zuwa rabi, mita 56 ɗin nan sun haura 110, sun fi tsawon filin ƙwallo. Da ma an ce sauri ya haifi nawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba taɓon gona ba ne, domin kowa na ganinsa ya yi hattara. Taɓon da ke hawa kwalta ne. Tarakta ta fito daga gona da laka maƙale a tayoyinta, ta hau babbar hanyar da ta taso daga Wad Madani ta nufi Kasala da Bur Sudan, ko wadda ta bi ta Doka zuwa Galabat a iyakar Habasha, tana tafe tana kakkaɓe ta. Laka baƙa, kwalta baƙa, da magariba ido ba ya rabe su. Yayyafi kaɗan ya ishe ta ta zama man shafawa. Haka ruwan farko bayan dogon rani, lokacin da ƙura da ɗigon baƙin mai suka haɗu suka yi kunu a kan titi. Da kaka kuma, buhun riɗi ya fashe a kwana, ƙwayoyin nan masu maiƙo su bazu, mai babur ko mai raksha (keke mai ƙafa uku) ya taka su ya tsinci kansa a ƙasa bai san me ya faru ba.

Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanar ruwa ce. Ta nan ruwan ke ficewa don robar ta samu ta ciji kwalta. Tayar da ta suɗe ta yi sanƙo ba ta da inda za ta kai ruwan, sai ta hau kansa ta yi iyo, sitiyari ya yi sakayau a hannu. A ƙasashe da dama doka ta hana hawa titi da tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6. Na san taya ta yi tsada, musamman tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, amma dole a sauya ta, domin hanyoyin sun ƙara cika da mutanen da suka baro gidajensu, kuma ba su san kwanonin nan ba.

In santsi ya kwashe ka, kada ka danne birki da dukan ƙarfinka a tsohuwar mota. Tayar da ta ƙame tana ja a ƙasa ba ta kai wadda ke birgima cizo ba, kuma ba ta jin sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, ka rage giya a hankali.

Sai kaya. Gogayya ba ta tsayar da mota kyauta, zafi take mayar da gudun. Motar da aka ɗora wa buhunan dawa fiye da kima tana tilasta wa birki shan zafin da ya fi ƙarfinsa, har ya daina kamawa. Su kuma leburorin gona da ke zaune a saman lodi, babu abin da ya riƙe su sai gogayyar wando da buhu. Mota ta tsaya kwatsam, su ba su tsaya ba.

In mota ta kafe, taka totur rami kawai yake ƙara haƙawa. A cusa karan dawa, tsohon buhu ko katako a ƙarƙashin tayar, a tashi a hankali. In tarakta za ta ja, a ɗaura sarƙar a ƙarfen ja na ƙasa. Ɗaura ta sama da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya na iya ɗaga gaban taraktar ta kifo kan direbanta cikin ƙiftawar ido. Kowa ya matsa nesa da sarƙar, domin in ta tsinke bulala ce ta ƙarfe.

Cikin inji kuwa gogayyar nan abokiyar gaba ce. Ƙurar Gadarif in ta shiga baƙin mai sai ta riƙa cin ƙarfe kamar yashi, kuma ƙarfen da ya rasa giris a injin girbi yana iya yin zafin da zai kunna busasshen kara.

Ga abin da kowane direba zai iya gwadawa gobe. Ka zaɓi wata bishiya ko turken wuta a gefen hanya. Da motar gabanka ta wuce shi, ka fara ƙirga daƙiƙa. In ka iso wurin kafin ka kai uku, ka matse ta da yawa. Ranar da aka yi ruwa, ko ka ga sawun tarakta a kan kwalta, ka ƙirga shida.