Jiniyar Ƙari a Jikin Mota: Yadda Take Aiki da Yadda Mai Mota ke Raba Ta da Motarsa

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin birnin Damagaram da ƙauyukan Gaffati, a gundumar Mirya, ba sababbi ba ne. Sun yi shekaru a hannun wasu a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, kuma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a shekarar 2023, hanyar Lome ta cikin Burkina Faso ce ta fi ɗaukar kaya. Irin wannan mota takan zo da gyare-gyaren masu ita na baya a jikin wayoyinta, kuma cikin abin da sabon mai ita kan gada ba tare da ya nema ba akwai jiniyar ƙari, wato na'urar tsaron da ba kamfanin da ya ƙera motar ya sa ba, wani ne ya saya daga baya aka haɗa masa. Sau da yawa rimot ɗinta ya ɓata tun kafin motar ta ƙetare teku, takardar bayaninta kuwa babu wanda ya taɓa ganinta, ba a ma sanin tana nan sai ranar da motar ta fara ihu da tsakar dare, ko ta ƙi tashi da safe alhali batir da mai duk suna nan.

Abin da jama'a ke kira jiniya ƙaramin sashe ne na na'urar. Asalinta wani ɗan akwati ne da masu wayarin ke kira ƙwaƙwalwa, wanda galibi ake ɓoyewa a ƙarƙashin sitiyari, kuma shi ne ke karɓar saƙo daga maɓallan da ke jikin ƙofofi da murfin inji, da kuma wata ƴar na'ura mai jin girgiza, sannan ya ba da umarnin a yi ƙara a kuma kunna fitilu. Sashen da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba a gani, shi ne makatsewar sitata: mai haɗa na'urar yakan yanke wayar da ke kai wuta daga makulli zuwa sitata gida biyu, ya sa wani maɓallin lantarki a tsakani, ta yadda wutar ba za ta wuce ba sai ƙwaƙwalwar ta yarda. Wannan ne dalilin da ya sa fizge wayar jiniyar da ke cikin inji ba ya warware komai. Ƙarar takan tsaya, amma ƙwaƙwalwar tana nan tana ɗaukan mai motar a matsayin ɓarawo, kuma tana iya hana motar tashi a kan hanyar da babu mai wayarin sai an koma birni.

Yanayin ƙasar Damagaram na taimaka wa na'urar wajen yin ƙarya. Zafin watan Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana gajarta ran batir, kuma batirin da ya kamata ya nuna kusan bolt 12.6 idan ya cika, in ya raunana ƙarfinsa ya riƙa hawa da sauka, wasu ƙwaƙwalen kan fassara hakan da cewa wani na taɓa wayoyi. Ita kanta na'urar tana shan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana, abin da ba ya damun motar da ke fita kullum, amma yana iya kwantar da batirin motar da ba ta motsi sai ranar kasuwa. Ƙurar hunturu kan toshe maɓallin murfin inji ya riƙa nuna cewa an buɗe, gargadar hanyar burji kan sassauta wayoyin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, sannan na'urar jin girgiza da aka saita domin titin wani birnin Turai ba ta bambanta ɓarawo da tsawar damina ko akuyar da ta haye bonet.

Kashe jiniyar ƙari yana da matakai, kuma na farkon ba ya bukatar sukudireba. Idan rimot yana nan, sauya ƙaramin batirinsa kan isa. Idan an sayo wani ne daban, sai a san cewa na Turai galibi suna aiki a kan zangon megahaz 433, na Amurka kuwa 315, kuma ko zangon ya dace dole a gabatar da sabon rimot ga ƙwaƙwalwar kafin ta saurare shi. Idan babu rimot, kusan kowace irin wannan na'ura tana da ɓoyayyen maɓalli, ƙarami, wanda ake maƙalawa a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da akwatin fiyus, an kuma tanade shi ne domin a kwantar da tsaron idan za a bar mota a hannun bakanike. A samfura da yawa, ciki har da Viper da kamfanin Directed Electronics na Amurka ya ƙirƙiro, ana murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, a danna maɓallin cikin ƴan daƙiƙoƙi, ƙarar ta tsaya, sitata ta samu wuta. Adadin dannawar ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Zare fiyus ɗin da ke kan jar wayar da ta shiga ƙwaƙwalwar shi ma yana kashe ta, sai dai sakamakonsa ya danganta da irin makatsewar da aka sa, domin wata takan bar hanya a buɗe idan wuta ta ɗauke, wata kuwa takan rufe ta gaba ɗaya.

Duk waɗannan kwantar da hankali ne na ɗan lokaci. Motar da rimot ɗinta ya ɓata, wadda kuma ke aiki nesa da gari, ta fi samun lafiya idan aka cire na'urar ɗungurungum, kuma aikin ba mai wuya ba ne ga wanda ya bi shi a sannu. Ana fara kwance kan batir na ƙasa, mai alamar ragi, a jira ƴan mintuna, sannan a bi wayoyin ƙwaƙwalwar ɗaya bayan ɗaya zuwa inda aka ɗosana su a jikin na asali, a warware, a rufe kowane wuri da aka feƙe. Wayar sitata da aka yanke, wadda ake ganewa da kaurinta da kuma launi ɗaya a ɓangarorin biyu, dole a mayar da ita ɗaya, kuma haɗin ya zama na dalma ko na matsewa, tun da wuta mai yawa ke bi ta cikinta kuma haɗin da ya yi sako-sako yana zafi har ya narkar da roba. Wayoyin da ke cikin rawayen bututu ko masu rawayen soket na jakar iska ne, wadda ke kumbura lokacin haɗari, kuma ba a gwada su da fitilar gwaji. Wasu jiniyoyin suna da nasu batirin a ciki, don haka sukan fara ƙara da zarar an kwance na motar. Irin waɗannan da ɗan makullinsu ake kashe su, in babu shi kuwa sai a cire su a nesanta su har wutarsu ta ƙare.

Akwai kuskuren da ya fi kowanne tsada, shi ne ɗaukar tsaron kamfani a matsayin na ƙari. Tun shekarar 1998 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci na'urar hana tashi, wadda ke karanta wani ɗan ƙwayar lantarki da ke cikin kan makulli ta hanyar zoben da ke kewaye da ramin makullin, kuma tana magana kai tsaye da kwamfutar inji. Wannan ba ta da ɓoyayyen maɓalli, ba ta kuma ciruwa da almakashi, kuma wanda ya yanke wayarta ya jawo wa kansa neman mai kwamfuta a Damagaram ko Kano. Ba ta cancanci a taɓa ta ba ma, domin binciken da masana tattalin arziki Jan van Ours da Ben Vollaard suka wallafa a 2016 ya nuna ta rage satar motoci da kusan kashi 40 cikin ɗari, nasarar da jiniya mai ihu, wadda maƙwabta suka saba ji su juya su ci gaba da barci, ba ta da hujjar da ta kai ta. Ana bambanta su da ido: kayan kamfani a ɗaure suke tsaf cikin soket, na ƙari kuwa an rataye su da igiyar roba.

Wani akwatin da ake iya tararwa a wuri guda shi ne na bin sawu, mai ɗauke da layin waya, wanda ke iya datse famfon mai daga nesa. Idan motar ta bashi ce ko ta haya, mai yiwuwa wanda ya ba da ita ne ya sa shi bisa yarjejeniya, kuma cire shi magana ce ta shari'a kafin ta zama ta wayarin. Haka nan mai garejin da ya san aikinsa yakan nemi ganin kart giriz, wato takardar mallakar mota, ya gwada lambar shasi da ke jikinta da wadda ke jikin motar kafin ya sa hannu, domin motar da aka kawo ba rimot ana neman a kashe mata tsaro ita ce irin wadda jandarmomi kan fara tambaya a kanta idan aka kai ƙarar sata.