Janareta ba ya dawo da lissafin da ya ƙone

A watan Oktoban 2024 layin wutar Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, bayan an riga an lalata na Shiroro zuwa Kaduna, Kano ta shafe fiye da mako cikin duhu. Tun daga nan, in aka tayar da zancen shirin ko-ta-kwana a masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai, abin da aka fi ji shi ne ai akwai janareta.

Janareta yana juya injin jima da na roba muddin akwai man dizal. Amma sunayen dilolin da suka ɗauki kaya bashi, albashin ma'aikatan da ke sammako daga Panshekara, takardun kwastam na fatun da za a fitar waje, sau da yawa duk a kwamfuta ɗaya suke, a ofishin akanta. Ranar da ta mutu, inji na iya ci gaba da ruri alhali mai kamfani bai san wa yake bi ba, wa ke binsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa sun kwafe komai, sai ka tarar kwafin yana cikin durowar teburin da kwamfutar take kai. Manomin da ya zuba irin baɗi a rumbun da yake ɗibar abinci bai ajiye komai ba. Wutar da ta ci dawa za ta ci irin. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, kuma wuta ba ta ware littafin bashi ta bar wa mai shi. Masana harkar adana bayanai suna cewa a yi kwafi 3, a ma'ajiya iri 2, ɗaya kuma ya kwana nesa da ginin.

Ajiya a intanet tana da amfani, sai dai ita ma tana da ranarta. A 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka kasa biyan buƙatar jama'a. Wanda lissafinsa yake can kaɗai, zama ya yi yana jira.

Tambayoyi biyu ya kamata mai masana'anta ya amsa a rubuce: awa nawa kamfanin zai jure tsayawa, kuma lissafin kwana nawa zai iya rasawa bai durƙushe ba? Amsar ce ke nuna ko kullum za a riƙa kwafa ko mako-mako. Sannan a gwada. A ɗauko wata kwamfutar daban, a dawo da bayanan a kanta, a kuma sa wani ma'aikacin da ba akanta ba ya yi, domin akanta ma yana rashin lafiya, yana barin aiki da lambar sirri a kansa.

Hukumomi sun iya zuwa jaje bayan gobara. Da ma a ce masu duba tukunyar kashe wuta a masana'antu za su riƙa tambayar inda kwafin lissafi yake kwana.